Kallon Malam-Buɗe-Littafi A Ƙarshen Bazara

Aikina shi ne zagaya makarantu. Nakan duba ɗakunan karatu, in duba littattafan yara, sa'an nan in zauna da malamai mu yi shawara. Wata rana cikin watan Mayu na tafi wata makaranta ta ƙauye. A daren an yi ruwan farko, ƙasa tana ta ƙamshi, zafin bazara ya ɗan sauka. Da na isa sai na tarar da wani yaro tsugune kusa da rijiya shi kaɗai, alhali kuwa an riga an buga ƙararrawa, 'yan'uwansa duk sun shiga aji. Ya ƙura wa ƙasa ido, ko motsi ba ya yi. Na matsa a hankali in ga abin da ya ɗauke masa hankali haka. Ashe inda ruwan guga ke zuba ne ya yi laka, su malam-buɗe-littafi suka taru a kai, sun kai ashirin, waɗansu farare, waɗansu rawaya, sun yi cincirindo kamar ranar kasuwa.

Na ce, "Yaro, me kake kallo?"

Ya zabura ya miƙe, ya gaishe ni, ya ce, "Yallaɓai, so nake in gani ko ruwa suke sha, ko kuwa laka suke ci."

Kafin in buɗe baki sai ga malaminsu ya fito da tsumagiya a hannu. Ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri. Yaron nan haka yake, shashasha ne. Ba shi da aiki sai kallon ƙwari." Na roƙi arziki aka ƙyale shi, muka shiga aji tare. Da na gama abin da ya kawo ni sai na tambayi yaran, na ce, "Malam-buɗe-littafi iri nawa ne a garin nan?" Suka amsa baki ɗaya, suka ce biyu ne, da fari da ja. Yaron nan ya ɗaga hannu, ya ce shi ya san bakwai. Ya kuma fasalta su ɗaya bayan ɗaya, har da itacen da kowanne ya fi so.

To, yara, a kan wannan nake so in faɗa muku ra'ayina. Yaron ya yi laifi da ya ƙi jin ƙararrawa, wannan babu gardama, kome da lokacinsa. Amma abin da yake yi a bakin rijiya ba shashanci ba ne, karatu ne. Ni a ganina ya kamata kowane ɗan makaranta ya koyi irin wannan kallo, kuma babu lokacin da ya fi ƙarshen bazara dacewa da farawa.

Bari in fara biyan yaron bashinsa. Malam-buɗe-littafi ba shi da haƙori, ba ya tauna kome. Bakinsa dogo ne siriri kamar zare, da rami a cikinsa, yakan nannaɗe shi kamar gammo in ba ya amfani da shi. Da shi yake zuƙo ruwan zaƙin da ke cikin fure. Waɗanda ke taruwa a kan laka kuwa ruwa suke tsotsa, don akwai ɗan gishiri-gishiri a cikinsa wanda ba su samu a fure. Yawancinsu maza ne. Wani abin mamaki kuma, da ƙafa yake ɗanɗano. Ta haka macen take gane ganyen da ya dace ta saka ƙwanta a kai.

Me ya sa na ce ƙarshen bazara? Ba don sun fi yawa a lokacin ba ne. A ƙasarmu sun fi yawa daga tsakiyar damina zuwa kaka, sa'ad da ciyawa ta rufe daji. Amma wanda zai fara karatu ba a ɗora masa babban littafi, da baƙi ɗaya-ɗaya ake soma masa. Da rani ganye ya bushe, 'ya'yan ƙwarin nan ba su da abinci, saboda haka sukan yi ƙaranci, sai a fadama da lambu. Da an yi ruwa ɗaya ko biyu, tafasa ta tsiro, itatuwa sun yi toho, sai su fara bayyana, yau iri guda, jibi wani. Yaron da ya soma duba a watan Mayu zai san kowanne tun yana baƙo. Wanda ya bari sai Agusta kuwa zai tarar da su rututu, ya rasa wanda zai kalla.

Abu na farko shi ne ka rarrabe malam-buɗe-littafi da ɗan'uwansa faɗa-wuta. Dangi ɗaya ne. Masana sun ƙidaya irinsu fiye da 150,000 a duniya, amma su malam-buɗe-littafi ba su kai 20,000 ba a ciki, sauran duk faɗa-wuta ne. Malam-buɗe-littafi da rana yake yawo, in ya sauka yakan haɗa fikafikansa a sama ya riƙa buɗewa yana rufewa, abin da ya jawo masa sunansa ke nan. Faɗa-wuta yawanci da dare yake fita, jikinsa ya fi kauri da gashi, in ya sauka sai ya shimfiɗa fikafikansa ko ya lulluɓe bayansa da su kamar mayafi. Amma kada ka dogara ga wannan kaɗai, gama akwai faɗa-wuta masu yawon rana, masu ado kuma ƙwarai. Alamar da ta fi tabbata ita ce 'yan ƙahonin nan biyu sirara da ke kansu. Na malam-buɗe-littafi suna da ɗan dunƙule a ƙarshe kamar kan ashana. Na faɗa-wuta kuwa ko su tafi siriri har ƙarshe, ko su yi kamar gashin tsuntsu.

Mu a garinmu suna ɗaya muke kiransu duka. Saboda haka zan laƙaba wa uku sunaye daga itacen da 'ya'yansu ke ci, don ita ce hanya mafi sauƙi ta nemansu. In ka san itacen, ka san gidan.

Na farko mu kira shi ɗan-tumfafiya. Babu yaron da bai san tumfafiya ba, ga ta nan a kowane kango da bakin hanya, ba ta kuwa bushewa da rani, shi ya sa ake ganin wannan ƙwaro kusan kowane wata. Launinsa ruwan goro ne, bakin fikafikansa na gaba baƙi da ɗigo-ɗigon fari, na baya kuwa a ƙasashenmu na yammacin Afirka yawanci farare ne. Ka lura da tashinsa. A hankali yake tafiya, yana lilo, sai ka ce ɗan sarki a kasuwar ubansa. Yana da dalili. Tun yana tsutsa yake cin ganyen tumfafiya, dafin ruwan nan fari ya zauna a jikinsa. Tsuntsun da ya ci shi sau ɗaya ya ji ɗaci, ko ya yi amai, ba ya ƙara kusantar mai wannan launi. Har akwai wani iri dabam wanda ba shi da dafi ko kaɗan, amma macen ta yi kama da ɗan-tumfafiya ƙwarai, tsuntsaye suna ƙyale ta saboda rigar aro. Mijinta kuwa baƙi ne mai manyan tabo farare, in ka gan su tare ba ka ce iri ɗaya ba ne.

Juya ganyen tumfafiya ka duba bayansa. In ka yi sa'a za ka ga ƙwai guda ɗaya, fari-fari, bai kai ƙwayar gero ba. Bayan kwana uku ko huɗu tsutsa za ta fito, mai zane-zanen fari da baƙi da rawaya. Ba ta da aiki sai ci. In fatarta ta yi mata kaɗan sai ta tuɓe ta, akwai sabuwa a ƙarƙashi. Bayan kamar mako biyu sai ta daina ci, ta rataye kanta a jikin reshe kai a ƙasa, ta tuɓe fata ta ƙarshe, ta zama wani ɗan ƙunshi kore mai ɗigon zinariya. Ba ci, ba tafiya. Wajen mako guda sai ƙunshin ya tsage, malam-buɗe-littafi ya fito da fikafikai a yamutse kamar rigar da aka matse daga wanki. Zai rataye nan har su miƙe su bushe, kana ya tashi. Na ga wannan abu ya fi sau goma, har yau kuwa in na gani sai in yi tasbihi. Sai dai gargaɗi guda: ruwan tumfafiya mugun abu ne ga ido. In ka taɓa ganyen, wanke hannunka kafin ka taɓa fuskarka.

Na biyu ɗan-lemo. Shi babba ne, baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya, da wani tabo kamar ido a fiffiken baya. Ko yana shan fure ba ya daina kaɗa fikafikai. Tsutsarsa tana ƙarama kamanninta ɗaya da kashin tsuntsu, baƙi da fari, har da ƙyalli. Wane tsuntsu ne zai ci kashin ɗan'uwansa? In ta girma sai ta koma kore kamar ganyen lemo. Taɓa ta da tsinke a hankali, za ka ga ta fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, mai wari, don ta kori abokin gaba.

Na uku ɗan-tafasa, watau farin nan da rawayan da suka tsare yaron a bakin rijiya. 'Ya'yansu tafasa da rai-ɗore suke ci. Su masu sauri ne, wani lokaci kuma sukan taso da yawa su nufi gefe guda, kamar ayari.

Da dare kuma sai faɗa-wuta. Daren da aka yi ruwa da la'asar, iska ta kwanta, irin daren da shinge ke fitowa, shi ne daren dubansu. Nemi izini a gida, ka rataya farin zane a tsakar gida, ka ajiye fitila a gabansa, ka zauna. Za su zo, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, da manya masu jiki kamar yatsa. Akwai wani toka-toka mai dogayen fikafikai, wanda bakinsa in ya warware ya fi jikinsa tsawo, yana shan fure yana tsaye cikin iska. Tsutsarsa ganyen dankali take ci. Mutane sun daɗe suna cewa son wuta ne ke kashe faɗa-wuta. A shekarar 2024 waɗansu masana na Ingila da Amurka suka bayyana abin da suka gani bayan sun ɗauki hoton tashin ƙwari da na'ura mai sauri ƙwarai. Ashe ƙwaro yakan juya bayansa ne ga wajen da ya fi haske, don tun fil azal sama ita ce mai haske, da haka yake sanin sama da ƙasa cikin duhu. In ya zo kusa da fitila sai ya ɗauke ta sama ce, ya juya mata baya, ya yi ta kewaya ta ya kasa fita. Ba ƙauna ba ce, ruɗewa ce. Saboda haka in ka yi rabin sa'a kana kallo, kashe fitilar su kama gabansu, tun tsaka da kwaɗi ba su cinye su ba. Kada kuma ka shiga ciyawa da dare, farkon damina lokacin macizai ne. Gizaka mai gashi ma ba a taɓa ta da hannu, tana sa ƙaiƙayi.

Yanzu ga inda muke saɓawa da yara da yawa. Da yaro ya ga malam-buɗe-littafi, abin da ke fara zuwa ransa shi ne ya kama. Ni ma na yi. Muna yara mukan bi su da reshe mu kakkaɓo su, mu ɗaura musu zare, ko mu tura su cikin gwangwani. Kullum sai mu ga wani gari mai launi ya manne mana a yatsa, mu ce hoda ce. Ba hoda ba ce. In an duba da madubi mai ƙara girman abu, za a ga 'yan ɓawo ne ƙanana kamar na kifi, sun hau juna kamar yadda ake jera ciyawar jinka. Su ne launin, su ne zanen, in sun goge kuwa ba su sake fitowa. Da na shiga kwalejin horon malamai aka sa muka kashe waɗansu, muka soke su da allura, muka jera cikin akwati. Na samu maki mai kyau. Kafin shekara ta kewayo ƙwari sun shiga akwatin sun cinye su, sai allurai tsaye. Abin da na koya daga wannan akwati bai kai abin da yaron nan ya koya a bakin rijiya ba. Gawa ba ta nuna maka abin da take ci, ko inda take kwana, ko yadda take tsere wa tsuntsu. Manyan masana suna da dalilin ajiye kaɗan a gidajen adana kayan ilmi, don a gwada wannan da wancan. Ɗan makaranta kuwa ido da fensir sun ishe shi.

Wani zai ce, to, an kalla, sai me? Wani babban malami ya taɓa faɗa mini haka. Ya ce, "Malam, wannan ba ya fitowa a jarrabawa, ba ya kuma cika rumbu." Na ce masa a kan jarrabawa ba zan yi musu ba, amma a kan rumbu ya yi kuskure.

A farkon shekarar 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa a gonakin masara a Nijeriya. Daga nahiyar Amurka ta fito, kafin shekara biyu ta game yawancin ƙasashen Afirka. Uwarta wani faɗa-wuta ne ruwan ƙasa, wanda ba wanda zai kalla sau biyu, amma mace guda tana iya saka ƙwai wajen 1,000. Takan saka su tari-tari a jikin ganye ta rufe da wani gashi toka-toka. 'Ya'yan suna ƙanana sukan kankare ganye ya yi shara-shara, in sun girma su shige cikin zuciyar masara, su bar kashi kamar dusar katako. Babbar tana da alama a ka kamar harafin Y a kife, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. Manomin da ya ga ƙwan ko ƙananan tun da wuri yana iya murƙushe su da hannu, ko ya yi magani ya ci. Wanda bai lura ba sai sun shige ciki, ya yi hasarar kuɗin magani, ya yi ta masara. A wannan shekara dai wani ɗan mitsitsin faɗa-wuta, wanda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ya cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano da maƙwabtansu, har tumatir ya gagari talaka. Wa ya fi dacewa ya fara ganin irin wannan ɓarna? Ai wanda idonsa ya saba da juya ganye.

To, in haka ne, me zai hana a fesa magani a kashe su duka a huta? Wannan shi ne maganar wanda bai iya rarrabewa ba. Cikin dubban irin nan kaɗan ne masu ɓarna a gona. Da yawa suna ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, kamar yadda ƙudan zuma ke yi, itace ya samu ya yi 'ya'ya. Tsutsotsinsu kuma su ne abincin da tsuntsaye ke kai wa 'ya'yansu. Rigar tsamiya da kakanninmu ke alfahari da ita, zarenta daga gidan wata tsutsar faɗa-wuta ake samunsa, wadda ke taruwa da yawa su saƙa gida ɗaya a jikin itace, a ɗebo a dafa da toka a kaɗa. A ƙasar Nufe da Burkina Faso akwai tsutsar da ke cin ganyen kaɗanya, wadda ake tarawa da damina a busar a kai kasuwa, abinci ce mai gina jiki. Uwayenta a daidai wannan lokaci suke fitowa daga ƙasa, bayan sun yi watanni a kwance. Magani kuwa ba ya tambayar suna. Yana kashe mai laifi, ya kashe zuma, ya kashe har mai taimakon manomi. A Jamhuriyar Nijar akwai tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Maimakon fesa magani, an koya wa manoma a ƙauyuka da yawa su rataya 'yan buhuna masu ɗauke da wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shi ne ke fita ya nemi tsutsar ya saka ƙwansa a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. Wanda ya gano wannan dabara, da kallo ya fara.

Kada kuma ku ce ku yara ne. A birnin Frankfurt na ƙasar Jamus an haifi wata yarinya a shekarar 1647, sunanta Mariya Meriyan. Tana da shekara 13 ta fara kiwon tsutsar siliki tana zana abin da ta gani. A zamanin nan mutane da yawa suna tsammani tsutsa daga laka da ruɓaɓɓen abu take tsirowa. Ita kuwa ta bi su tun daga ƙwai har tashi, ta zana kowanne tare da ganyen da yake ci. A 1699 ta shiga jirgin ruwa da 'yarta suka tafi Surinam a Amurka ta Kudu don su ga ƙwarin can, littafin da ta yi a kansu ya fito a 1705, har yau ana girmama shi.

Akwai wani kuma da nake so ku sa wa ido, ko da yake shi sai wajen Satumba da Oktoba ya fi bayyana a nan. Turawan Ingila suna kiransa da wani suna mai ma'anar mace mai kwalliya. Ya ɗan yi kama da ɗan-tumfafiya, amma bai kai shi girma ba, yana da ɗigo baƙaƙe a fiffiken baya, ga shi da saurin tashi. Wannan ɗan ƙwaro daga Turai yake tasowa da kaka, ya ƙetare Bahar Rum, ya ƙetare hamadar Sahara, ya sauka a ƙasashenmu daidai lokacin da ciyawa take kore, ya hayayyafa. In rani ya yi, zuriyarsa su juya arewa, suna tafe suna haihuwa a hanya. A ƙarshen watan Mayu, sa'ad da mu muke duban gabas muna jiran hadari, yaran Ingila suna cikin lambunansu suna murnar isowar jikokin waɗanda suka sha furen ƙasarmu. A Mayun 2009 miliyoyi ne suka sauka can.

Ga wanda ya fi wannan. A watan Oktoba na 2013 wani masani mutumin Sifen, Gerard Talavera, ya tsinci waɗansu daga cikinsu a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Amurka ta Kudu, inda ba a san su ba. Fikafikansu sun yayyage, sun gaji tilis. Daga ina? Shi da abokan aikinsa suka yi shekara goma suna bincike, suka ba da amsa a 2024. Cikin shaidun da suka samu har da garin fure da ya manne a jikin ƙwarin. Da aka duba sai aka ga na sabara ne da na kurna. Sabarar nan dai da ake yi wa mai jego magani da ita, da kurnar da kuke jifa a hanyar makaranta! Watau daga yammacin Afirka suka tashi, iska ta taimake su, suka ƙetare Tekun Atlantika, tafiyar da ba ta kasa kilomita 4,200 ba, babu wurin sauka. Da mutumin nan bai saba duban abin da ke gabansa ba, da ya taka su ya wuce.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Ware 'yan shafuka a bayan wani tsohon littafinka. Zaɓi wuri guda, ko lambun makaranta, ko bakin rijiya, ko gindin lemo. Sau biyu a mako, da hantsi, tsaya nan minti 15. Kada inuwarka ta faɗa kansu, kada ka yi motsi da garaje. Rubuta kwanan wata, da ko an yi ruwa, da irin da ka gani, da yawansu, da abin da suke yi. Wanda ba ka san shi ba, zana shi, ka ba shi suna da kanka. A Birtaniya tun shekarar 2010 ake yin irin wannan ƙidaya ta minti 15 kowace shekara, manya da yara dubbai, a tara lissafin wuri ɗaya. Da shi aka gane cewa a 2024 ƙwarin sun yi ƙarancin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara. Mu kuwa arzikinmu ya fi nasu nesa. Wani masani mutumin Denmak, Torben Larsen, ya fitar da littafi a 2005 mai bayanin malam-buɗe-littafi kusan iri 1,500 na yammacin Afirka, mafi yawansu a dazuzzukan kudu. Amma ranar da ɗan-tafasa ya fara fitowa a ƙauyenku bana, da ko ya riga na bara, wannan ba ya cikin littafin kowa, sai wanda kai ka rubuta.

Ku kuma malamai, ba na ce a bar lissafi da karatu a tafi bin ƙwari ba. Kwalba guda mai faɗin baki a kan taga, a rufe da tsumma mai shara-shara, a sa tsutsa da ganyen da aka same ta a kai, a riƙa sake mata sabo kullum, ranar da ta fito a sake ta gaban yara. Wannan ba ya cin ko kwabo. A cikinsa akwai ƙidayar kwanaki, akwai zane, akwai rubutun labari.

Bayan wata biyar na sake komawa makarantar nan. Malamin da ya fito da tsumagiya shi ya tarye ni, ya ja ni wajen taga. Kwalabe uku na gani a jere. Ya ce, "Yallaɓai, na huɗun ya fashe." Sa'an nan ya kira yaron ya kawo littafinsa. Rubutun ba shi da kyau ko kaɗan, sai da na sa tabarau. Iri bakwai sun zama goma sha shida. A wani shafi ya rubuta: "Na sa wa tsutsar lemo ganyen mangwaro ta ƙi ci. Na sa mata na gwaiba ta ƙi ci. Na mayar mata da na lemo ta ci har dare."